Kibiyar da Ta Ƙi Motsi

Tunda ka ƙi zama, to saurari wannan a tsaye.

An yi wani malamin sakandare da ya shafe shekara uku yana rubuta kundin digirinsa a laftof. Ranar ƙarshe ta miƙa kundi ta zo, ƙarfe biyu za a rufe karɓa, wanda bai kai ba sai baɗi. Da safe ya kunna kwamfutar ya shiga wanka. Matarsa kuwa mace ce da ba ta iya ganin ƙura ta ƙyale, ta ɗauko tsumma ta goge madannan tas, kamar yadda take goge kwanukan jerenta. Malam ya fito, ya aza yatsa a kan ɗan faifan nan da ake shafawa, kibiyar da ke kan allo ta ce ban san zance ba. Ya shafa hagu, ya shafa dama, ya ƙwanƙwasa, ya kashe ya kunna har sau huɗu. Zufa ta karyo masa, shi da ya fito daga wanka yanzu. Matar ta leƙo ta ce, "Malam, ɗazu da nake gogewa na ga..." Ya daka mata tsawa: "Don Allah ki rabu da ni, yau ba ranar hira ba ce!" Ya cusa laftof a jaka, ya tsallake koko da ƙosai, ya tare ɗan acaɓa. Maƙwabcinsa na da linzamin kwamfuta da zai iya ara, amma wanda hankalinsa ya tashi ina ya ga ta tuna maƙwabci?

A kasuwa shagon farko a rufe, na biyu layi, shi kuwa ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya, sai duba agogo yake kamar agogon ne ya yi masa laifi. A na uku mai gyara ya ɗan taɓa ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, sai an wanke kwamfutar gaba ɗaya, wato a share duk abin da ke cikinta. Ya tambaye shi ko ya kwafe kayansa a wani wuri. Malam bai ma ji tambayar ba, ya ce, "Yi kawai, maigida, lokaci nake bi!" Aka wanke. Aka kunna. Kibiya na nan inda take, ko gezau. Sai a lokacin tambayar ta iso kunnensa.

Ya koma gida ana kiran la'asar, ya zube a tabarma. Matar ta buɗe laftof, ta nuna masa wani maɓalli a layin sama, mai ɗan haske kamar ƙwayar gero, wanda ya kama tun sa'ad da tsummanta ya bi ta kansa. Shi ne ke kulle faifan, shi ne kuma ke buɗe shi. Ta danna sau ɗaya, hasken ya mutu. Malam ya aza yatsa, kibiya ta tashi tana yawo lafiya lau, sama da ƙasa, a allon da babu ko shafi ɗaya na kundinsa. Wallahi har yau in na tuna ina jin tausayinsa. Maganar da bai iya ba ta minti ɗaya ba, ita ta ci masa shekara uku, ga shekarar jira a kai.

Yanzu sai ka zauna. Hausawa dai sun riga sun faɗa: sauri ya haifi nawa.