Shaidar Mai Tabo

Tun da aka kafa dokar duba ƙwaƙwalwa, ba a karɓar shaidar wanda ƙwayar maye ta ais ta bar wa tabo a ƙwaƙwalwa. Shitu ya daɗe da daina shanta, amma da ya isa caji ofis yana haki, sai da aka kifa masa hular na'urar binciken.

"Yallaɓai, a gabana wani ya jefa 'yata a mota. Na ga fuskarsa."

Ɗan sandan ya dubi tabon a allo, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. "Irinku har aljanu kuke gani. Ka tabbata ma kana da 'ya?"

A gida Shitu ya tarar da matarsa tana kuka. Ya durƙusa gabanta.

"Uwani, don Allah gaya mini gaskiya. Mun haifi yarinya?"