Gidan Gindin Tsamiya

"An mayar? An mayar ina?"

Ta daki kantar gidan waya har hatimi ya yi tsalle. Tun safe take tafe, ta ratsa rafi da ƙafa, ta hau bayan motar hatsi, duk don maganin idon mahaifiyarta da yayanta ya aiko daga birni. Tsohuwa kuwa kullum ganinta ƙara dushewa yake.

"An mayar wa wanda ya aiko, baiwar Allah," in ji sabon mai rabon saƙo. "Ban ga gidan ba."

"Ba ka ga gidan ba! A ƙauyen da ko akuya ta san ƙofar kowa? Ka dai ce ƙyuya! Mun zaɓi zaman ƙauye don mu huta da hayaniya, ba don ku binne mu da rai ba. Wanda ka gada, ko ana tsuga ruwa sai ya zo!"

"Ni ma na je. Na tarar duk an watse gona, ba wanda zan tambaya. Ba ku da lamba, ba ku da sunan layi. Abin da aka rubuta na bi: gidan gindin babbar tsamiya. Na zaga har babur ya yi zafi, ban ga tsamiya ba."

Ta janye hannunta daga kan kanta.

Ita ce ta yi ta masifa tsuntsayen tsamiyar na ɓata mata shanya, har mijinta ya gaji ya kira masu gatari suka sare ta. Da itacen ma ta ɗumama ruwan da ta wanke wa tsohuwa ido yau da safe.