Sukarin Wakili

Kwana uku da binne mijinta Yunusu, Batul na zaune kan tabarmar makoki a Gadarif, maƙwabta kuwa sun kaure da musu kan musalsal, wato fim mai dogon zango na kisan kai, da ake nunawa a talabijin.

"Direban ne," in ji Salwa. "Ba ki ga jan rawaninsa ba? Alamar jini ce!"

"Kai, Yaya Salwa, ke rawani kawai kike kallo," Huda ta ce, bakinta cike da dabino. "Duba lokaci mana. Wanda ya riga kowa shirya makoki, shi ya yi kisan."

Batul ta ɗago ta dube su. Mutum ya mutu a gonar riɗi, su kuwa addu'arsu ke nan! Ta miƙe za ta kore su, sai idonta ya faɗa kan buhun sukarin da wakilin gonar ya aiko don shayin masu ta'aziyya.

Ranar da Yunusu ya rasu, tun da hantsi aka sauke shi a ƙofarta, har ta ɗauka ɓatan gida aka yi.

Leburorin da suka kawo gawar sun ce sai da la'asar maciji ya sari Yunusu.