Wadda Ta Fi Ƙara

"Wacce ta fi ƙara?" mai sayen bindigar ya sake tambaya.

Tsohon mai shagon ya tura masa ƙananan bindigogi biyu a kan darduma. Duk sun sha hannu.

"Ɗana, ba a sayen bindiga da kunne. Mai lamba tara ba ta fizgar hannu, inda ka nuna nan za ta. Mai lamba talatin kuwa, harsashinta ƙofar ƙarfe ma huda ta yake. Faɗa mini nisan mutumin, in zaɓa maka."

"Babu wani mutum, Haji. Ƙara nake so."

Suka fito bakin titi, inda kowa ke gwaji a Darra, garin maƙera bindigogi. Ya ɗaga ta farko sama, ya harba. Da ya harba ta biyu, sai da duwatsu suka amsa sau uku.

"Wannan. Yayyena suna ƙetaren kwari, so nake ta iske su har ɗaka."

Tsohon ya kwashe da dariya. "Ja'iri! Ashe haihuwa aka yi? Ka ce namiji ka samu!"

A kwarinsu, namiji ake harba wa bindiga. Shekara goma sha huɗu shi da matarsa suna jira. Da hantsin nan yayyensa suka zo da bindigogi, suka ji abin da aka haifa, suka juya da su a rataye, ko barka babu.

Ya soke bindigar a ƙugu.

"Mace ce, Haji. Ƙaro mini harsashi."