Wayar da Ba Ta Zuwa Masallaci

Musaddiq ya jona wayarsa a soket ɗin da ke bayan kwandon goron kakarsa, ya kife ta a kan benci, ya zari takalmi. Tun ranar da ta yi ƙara ana tsakiyar ruku'u, liman ya juyo bayan sallama ya zuba masa ido, wayar ta daina zuwa masallaci.

Wata huɗu ke nan da ya gama jami'a a fannin tattalin arziki. Kuɗin rajistar Master ɗinsa, sefa dubu ɗari uku da Baba ya ba shi, suna cikin wayar nan. Ya zuba su a cinikin kirifto irin na futures: ka canki farashi zai hau ko zai sauka, manhaja ta ninka maka ƙarfin kuɗinka sau goma ko ashirin. In ka dace, ka kwasa. In ka kuskure kaɗan, a share ka tas.

Duk unguwar Briqueterie babu mai zama ya saurari bayaninsa sai kakar tasa, Hajiya Tasalla. Kullum da hantsi yana gefenta a ƙofar gida, ya zana harafin M a gilashi ya buɗe wayar, ya yi ta nuna mata kore da ja, ga inda ake shiga, ga inda ake fita. Ita kuwa rinannun yatsunta na cikin ganye, tana tsince duk goron da ya fara tabo tana warewa gefe tun bai shafi sauran ba.

"Amarya, kin gane kuwa?"

"Ina ni ina boko, angona? Ci gaba dai, muryarka na hana ni gyangyaɗi."

Abokinsa Alim, mai gyaran waya a unguwar Ekoudou, ya sha ce masa ya sa iyakar asara, wadda ke rufe ciniki da kanta in abu ya ɓaci. Musaddiq ya ce wannan birkin matsorata ne. Sau uku kasuwa na rikitowa yana masallaci, sau uku yana dawowa ya tarar an fitar da shi lafiya. Ya yanke cewa manhajar na da wata basirar ɓoye da ke kare ƙwararru. Sai ya goge ɗan dattin gilashin da gefen riga, ya yi murmushi.

"Babu wannan abin, ɗan'uwa," in ji Alim, ranar da Musaddiq ya gaya masa.

Ranar Juma'a, saura kwana uku a rufe rajista, ya zuba komai, ninki ashirin, a kan farashi zai hau. Ya jona waya ya tafi.

Huɗuba ta yi tsawo. Ana idarwa, a wajen takalma, Alim ya kunna tasa wayar ya miƙo masa. Jan layi ne ya sulmiyo ƙasa kamar an jefo shi daga bene.

Musaddiq ya zura da gudu, takalmi ɗaya nasa, ɗaya na wani bawan Allah. Ya keta hayaƙin masu tsire, ya tsallake kwata, yana tunanin da wane ido zai kalli Baba.

Wayar na nan a kife. Ya ɗauka ya zana M. An rufe cinikin tun farkon gangarowar. Dubu goma sha ɗaya kacal suka tafi.

"Ka gani ko?" ya ce wa Alim, wanda ya biyo shi yana haki. "Manhajar nan ta san ni!"

Alim ya karɓi wayar, ya shiga tarihin ciniki, inda Musaddiq bai taɓa leƙawa ba. Duka huɗun rubutu ɗaya ne: an rufe da hannu. Ya karkata gilashin ga rana. Daidai kan maɓallin fita, ga sawun babban yatsa, ja-ja.

Hajiya Tasalla ko ɗagowa daga kwandonta ba ta yi ba.

"Gobe ka ƙara wa abin nan haske kafin ka tafi, angona," ta ce. "Yau da ƙyar na ga wurin dannawa."