Tukunyar Tombolar Irmiya

"Inna, ki riƙa saya mini tikitin tombola, hannunki da albarka," in ji ɗana Irmiya ranar albashi.

Bakina ya gaji. Mutum dubu su zuba, ɗaya ya kwashe! Kirista zai roƙi Ubangiji maƙwabcinsa ya faɗi?

Na riƙa karɓar kuɗin, amma a tukunya nake zubawa. Shekara biyu cif, na juye masa jika arba'in da takwas.

"Ga abin da ka ci, sakarai. Kuɗinka ne..."

Ina! Ya fita da ihu.

Washegari ma'aikatan unguwarmu Akokan suka yi layi a ƙofata, kowa da kuɗinsa. Na gaba-gaba Fasto Ayuba ne, kai a sunkuye.

"Inna, na rufin majami'a ne."