Tulun Tsohuwa da Kular Ƙanƙara

Tunda ka ce randata ta tsufa a fitar da ita, zauna ka ji. A wani gari an yi wata tsohuwa mai haɗa abin sha, shekara talatin ba a biki a unguwarsu sai an sha na hannunta. Wata shekara auren 'yar wani tela ya faɗo tsakiyar bazara, irin zafin nan da ƙadangare ma ke neman inuwa. Gwaggon amarya ta ce ba ta ba kowa aikin sai ta ɗanɗana da bakinta, ta sa ranar Laraba bayan azahar. Sai ga wata matashiya mai firji ta ce ita ma tana ciki. Maƙwabta suka soma cewa tsohuwa ta haƙura, zamaninta ya wuce. Ta ji su sarai, ta kuma san in ta faɗi ranar nan ba mai sake aiko mata, sai dai ta kife randunanta. Tun Litinin ta wanke randa, ta turara ta da kajiji, ta jefa saiwar jema a ruwan don ƙamshi, ta binne gindin randar cikin yashi, safe da yamma tana yayyafa masa ruwa.

Ran Laraba ta ɗura abinta a tulu uku, ta naɗe kowanne da jiƙaƙƙen buhu. Matashiya kuwa ta iso gidan gwaggo da kula biyu, zoɓo da kunun aya da ta haɗa tun asuba, sukari ba a magana, ƙanƙara har baki. Ta dubi tulunan tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Iya, ai da kin aiko na sam miki ƙanƙara." Tsohuwa ta ce, "Riƙe abinki 'yar nan, rana ma tana so." Ashe gwaggo ta tafi gaisuwar rasuwa, ba ta dawo ba sai la'asar sakaliya, maƙogwaro a bushe. Aka buɗe kula. Ƙanƙara ta narke, zoɓo ya zama salam kamar ruwan ɗauraya, kunun aya ya yi tsami har yana kumfa. Tsohuwa ba ta ko kalli wajen ba. Ta fara miƙa wa gwaggo ruwan jema zalla ya wanke ƙishi. Ta bi da tsamiya mai ɗan sukari kaɗan, don ta san zaƙi da yawa ƙishirwa yake tadawa. Can ƙarshe ta zuba zoɓo mai kauri, ya ji citta da kanumfari, a ɗan ƙaramin ƙoƙo, kurɓa uku ya ƙare. Gwaggo ta lumshe ido, ta ce ina kunun aya? Tsohuwa ta ce, "Hajiya, aya ba ta kai la'asar a bazara. Ran biki sai baƙi sun zauna zan markaɗa." Gwaggo ta miƙo ƙoƙo a ƙara mata, magana ta ƙare. Tsohuwa ta kwashi tulunanta, ta bi ta ƙofar maƙwabtan nan ɗaya bayan ɗaya, tana gaishe su da babbar murya.

To ka bar min randata inda take. Da tsohuwar zuma ake magani.